Ɗumin Randar Kaka

Shekaranjiya da hantsi, da ruwa ya ɗan tsagaita, na shiga sito in ɗebo alkamar da zan kai ɓarza saboda alkakin wata amarya. Ina kwance bakin buhun wani wari ya taso mini, ba mai ƙarfi ba, irin na tabarmar da aka naɗe da danshinta aka manta da ita a bayan ƙofa. Na tura hannuna ciki har gwiwa. Can tsakiya na ji ɗumi. Na san sarai abin da ya kamata in yi, amma sai na tsaya a sunkuye, 'yata tana ta ƙwala mini kira daga kicin ban amsa ba. A wannan lokacin hankalina ba ya gidana na unguwar Bukan Sidi. Ina tsohon gidanmu na cikin gari, a ɗakin Kaka, kumatuna manne da randa.

Sai na fara gaya muku wace ce Kaka kafin ku gane randar. Ita ta haifi Baba. Babarbariya ce ta asali, daga wani ƙauye na bakin tafkin Chadi aka kawo ta Lafia tana amarya. Mu nan garin da yawanmu muna bugun ƙirji mu ce Barebari ne, amma a gaishe mu da yaren ku ga yadda za mu hau kame-kame. Ita kam nata bai gauraya ba. Doguwa ce, baƙa, da zane a kumatu, kullum naɗe cikin laffaya. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba yake ce mini Mamana, ita kuma ta ce takwara, kuma tun da aka yaye ni a ɗakinta nake kwana.

A garin nan ta haifi 'ya'yanta duka, a nan ta binne mijinta, amma in tana maganar Lafia sai ku rantse jiya ta sauka a tasha. Garinku take cewa. Ruwan garinku ba ya gajiya, samarin garinku gajeru ne, sakwarar garinku kuwa wai abinci ne da ake haɗiyewa ba a san me aka ci ba. Ni ma bakina ba ya mutuwa. Nakan ce mata in garinsu ya fi daɗi ga hanya nan, wa ya riƙe ta. Sai ta ce ta tsaya ne ta ga ko zan yi hankali, kuma da alama zamanta zai yi tsawo.

Ɗakinta kuwa, ko da ido a rufe aka kai ku za ku san kun iso. Kaskon turaren wutarta ba ya mutuwa. Ita take haɗa abinta, ba ta saye, kuma ƙamshin ya kama bango, ya kama katifa, ya kama allona, har a makaranta yara sukan ce ina warin tsofaffi. Ku riƙe maganar turaren nan, za mu dawo kanta.

Abin da ya haɗa Kaka da gida guda ɗaya ne ya rage, shi ne ƙanenta, autan ɗakinsu. Ban taɓa ganinsa ba. Amma kowace shekara, in zafi ya fara, mangwaro ya fara nuna, sai saƙo ya zo cewa akwai buhu a tashar jirgin ƙasa. Baba ya je ya ɗauko a amalanke. Ranar nan gidanmu kamar Sallah. Kaka ta kwance ɗinkin da kanta, ta zura hannayenta biyu ciki, ta ɗago, alkamar tana zubowa ta tsakanin yatsunta da wata 'yar ƙara mai daɗi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori, ka ji ƙas. Sai ta lumshe ido ta ce autan ya iya shanya.

Daga nan sai labari. Ta ce a can ƙasa baƙa ce, tana tsagewa in ta bushe har ƙafar yaro ta shige. Ta ce da sanyi ake noman alkama, kuma in ta yi kore iska ta bi ta kanta, ba ka bambance inda gona ta ƙare da inda tafki ya fara. Ta ce autan yana ƙarami shi ake sa wa korar tsuntsaye, sai a je a tarar da shi yana barci a kan kunyar gona, tsuntsayen suna ta shagalinsu a kansa. Ni ban taɓa ganin alkama a tsaye a gona ba. A raina sai na ɗauko shinkafar fadamarmu na ƙara mata tsawo, na zuba mata fararen tsuntsaye, na kwantar da wani yaro mai zane a kumatu a tsakiya. Har yau in aka ce Barno abin da nake gani ke nan.

Alkamar ba ta daɗewa. Funkaso da miyan taushe, taliyar murji da manja, alkaki mai zuma, a kai wa wannan gida a kai wa wancan. Kafin damina ta zauna sosai buhun ya zama fanko, an ninke shi an sa a ƙarƙashin katifa. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa sanin abin da daminar Lafia za ta yi wa alkamar Barno in aka bar su tare.

Shekarar da na shiga Tabara a allo, buhun bai zo shi kaɗai ba. Wani ɗan'uwansu ne ya rako shi. Ya zauna a tabarma ya daɗe yana gaisuwa, kansa a ƙasa, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Autan ya girbe alkamarsa, ya sussuka, ya ɗinke buhun yayarsa da hannunsa, sai zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ruwan tafkin ma ya ja baya, 'ya'yansa sun watsu neman abinci, gonar ba mai nomanta kuma. Wannan buhun shi ne na ƙarshe.

Matan gida suka fashe da kuka. Kaka ta yi salati, ta ce Allah ya jiƙansa, ta tambaya ko kusa da mahaifiyarsu aka sa shi, aka ce mata e. Shi ke nan. Ko ɗigon hawaye ban gani ba, kuma ina kusa da ita. Ta miƙe ta ce a je kasuwa a sayo mata sabuwar randa, babba. Masu zuwa gaisuwa suka riƙa tarar da ita a tsakar gida, hannu dumu-dumu, tana cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi.

Ashe a garinsu haka ake ajiyar hatsi. A haƙa rami, a shimfiɗe shi da ƙaiƙayi, a zuba, a rufe, a manta. Ta ce akwai shekarar yunwa da mahaifiyarsu ta buɗe ramin da aka rufe tun autan yana goye, aka tarar da hatsin kamar jiya aka zuba shi. To, abin da ta sani ke nan, kuma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ta sa aka fasa daɓen ɗakinta daga ƙafar gado, aka nutsa randar har kusan wuya, ta zuba ƙaiƙayi, ta juye alkamar, ta kife faranti a baki, ta liƙe da yumɓu ta shafe shi sumul. Da ta gama ta kama hannuna ta ɗora a kan liƙin tun yana da danshi.

"Takwara, ranar da kika sauke Alƙur'ani za a buɗe wannan. Ni da hannuna zan yi miki alkaki da alkamar autanmu, duk 'yan makarantarku su ci."

Akwai maƙwabciyarmu, 'yar ƙabilar Alago ce daga wajen Obi, tana sayar da gishirin Awe, mu yara Maman Gishiri muke ce mata. Ta shigo gaisuwa ta ga aikin da aka yi, ta tsaya tana kallo, ta riƙe haɓa. Da Hausarta wadda ba ruwanta da namiji ko mace ta ce, "Mama, ƙasan nan ba irin na ku ba ne fa. Yana shan ruwa, yana ba tukunya." Ta ce su iri a saman murhu suke rataye shi inda hayaƙi yake samunsa, gishirinta ma in damina ta yi nisa kuka yake yi. Kaka ta yi mata godiya da fara'a. Matar tana fita Kaka ta dube ni ta ce yau ga ikon Allah, masu doya za su koya wa Babarbariya ajiyar hatsi. Baba ma ya gwada, ya ce da an sa a durom an ɗora kan katako. Kallo ɗaya ta yi masa ya haɗiye sauran maganar. Mutumin da ake shakka a wurin aikinsa, a gabanta ɗan yaye ne.

Sai damina ta sauka. Wanda bai yi damina a Lafia ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Ruwa yakan fara tun mutanen Arewa suna fama da zafi, kuma ba ya tafiya sai sun gama girbi. Kwanon rufi ya yi ta kiɗa har ka daina ji. Gindin katanga ya yi kore shar. Takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado ka ɗauko shi ya yi furfura. Ashana ta ƙi kamawa, wanki ya kwana a igiya ya tashi da tsami, kwaɗi su cika bayan gida. Ina son lokacin nan ƙwarai, don komai yakan yi laushi, har muryar mutane.

Wata safiya mai sanyi, an kwana ana yayyafi, na mirgino daga shimfiɗata kumatuna ya taɓa kafaɗar randar. Na ji ɗumi. Ba zafi ba, ɗumi irin na jikin akuya in ka jingina da ita. Na tashi Kaka daga lazimi na ce ta zo ta ji. Ta ɗora tafin hannunta, idonta a rufe. Sannan ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Ranar garinmu ce. Alkama takan riƙe ranar da ta sha."

Wallahi na yarda, kuma me zai hana? Tun daga ranar randar ta zama wurin zamana. A jikinta nake jingina in biya allona. In ana ruwa da rana, an hana mu fita, sai in kwanta in manna kunnena. Ina jin wani abu can ƙasa-ƙasa, ko jinina ne yake gudu a kunne ko mene ne, oho. Ni dai tafki nake ji. Barci ya ɗauke ni, in ga kaina cikin koren nan marar iyaka, ina neman yaron da aka sa korar tsuntsaye in tashe shi kafin a zo a yi masa faɗa. Wani lokaci in farka in tarar da Kaka zaune a gefena, hannunta a kan randar, tana magana a hankali da Barbarci, tana ɗan dakatawa kamar mai jiran amsa. Ba na jin yaren, amma na san da wa take.

Maman Gishiri ta sake shigowa wata rana ta kawo wa Kaka gishiri. Ta sunkuya za ta ajiye ƙwaryar hannunta ya goga randar, ta janye shi da sauri. Ta ce tukunyan nan yana zazzaɓi. Kaka ta yi kamar ba ta ji ba, ta ƙara turare a kasko. Umma, mahaifiyata, ita ma daga baya ta gaya mini cewa in tana sharar ɗakin takan ji wani abu a ƙarƙashin ƙamshin. Amma suruka ce, da wane baki za ta faɗa? Ta gaya wa Baba, Baba ya ce a bari tukuna. Haka kowa ya yi kara, turare ya rufe sauran.

Ni kuwa karatu na sa a gaba kamar ana kora ta. Malam har mamaki yake yi, yarinyar da da sai an bi ta da bulala yanzu ita take roƙon a ƙara mata. Bai san alkaki nake bi ba. Na wuce Yasin, damina ta tafi ta dawo, na wuce Kahfi, ta sake dawowa. Kaka kuma tana ta raguwa. Yanar ido ta fara rufe mata gani, ta koma tafiya da bin bango. Wata rana ta ce in yi sauri, don ita da alkamar ba a san wanda zai riga wani gajiya ba. Da wasa ta faɗa, amma na shiga bayan ɗaki na yi kuka, don tsoro ya kama ni kada ta mutu ba a buɗe randar ba. A cikin shekarun nan ɗumin ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Da na tambayi Kaka sai ta ce alkamar barci take yi.

Allah ya nufa na kai Baƙara. Aka sa ranar walima, aka kai allona zayyana, Goggo ƙanwar Baba ta taho daga gidan aurenta da kayan aikinta. Alkaki ba a yin sa rana ɗaya, sai an ɓarza, an kwaɓa, an bar shi ya tashi, don haka aka ce a buɗe randar da sauran lokaci.

Da safe ne, rana ta fito bayan ruwa, tsakar gida tana tururi. Kaka ta yi wanka ta naɗa laffayarta ta zuwa biki, ta zauna a bakin gado, ni ina gefenta. Baba ya durƙusa ya yi bisimilla ya riƙa ɓanɓare liƙin da wuƙa. Yana ɗaga farantin warin ya buge mu. Duk turaren shekarun nan bai iya tare shi ba. Wata ƙura mai kore-kore ta taso, Baba ya hau tari, ya ce yara su fita. Na ƙi.

Na leƙa. Fumfuna ce ta cinye saman gaba ɗaya, kore da baƙi, wani wurin fari da ja-ja, da zare-zare kamar yanar gizo. Alkamar ta dunƙule ta zama curi, sai da Goggo ta sa muciya ta fasa. Ƙaiƙayin gefe ya zama baƙin taɓo. Jikin randar daga ciki jiƙe yake sharkaf, ga shi ba a taɓa zuba mata ruwa ba. Kaka ba ta gani sosai, ta miƙo hannu ta ce a ba ta. Goggo ta tono daga tsakiya inda ƙwayar take da sauran kama, ta zuba mata. Ta murza, ta kai hanci, ta ɗauki ɗaya ta sa a haƙori. Ba mu ji ƙas ba. Ta tofar a tafin hannunta ta rufe.

A tsakar gida aka yi gardamar, da murya ƙasa-ƙasa. Goggo ta ce na tsakiyar zai yi. A wanke shi sosai, a shanya, in tsamiya da zuma suka shiga ba wanda zai sani, ai haka ake yi da masara in ta sha danshi, kuma zubar da hatsi ba kyau. Ba mugunta ce ta sa ta ba, uwarta take tausayi. Baba ya ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, 'ya'yan mutane ne za su ci. Ni kuwa bayan Goggo na bi, ina kuka ina cewa nawa ne, ni aka yi wa alkawari. Aka koma wurin Kaka a ji ta bakinta, aka tarar ta kwanta ta juya fuska bango. Goggo ta ɗauki shirun nan a matsayin izini.

Ta kwashi na tsakiyar ta kai bakin makwarara, ta wanke, ta sake wankewa, ruwan yana fita baƙi-baƙi, marasa nauyin suna tasowa tana zubarwa. Ta baza a tabarmi. Da ya sha rana ya bushe, ku zo ku gani, sai wanda ya sani. Ya ɗan yi duhu kawai. Raina ya dawo, har na fara lissafin wa zan ba wa babba wa zan hana a cikin ƙawayena.

Umma tana kiwon agwagi, kuma a lokacin wata ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan rawaya-rawaya suna bin uwarsu a jere duk inda ruwa ya kwanta. Makwarara kuwa nan ce kasuwarsu. Duk abin da Goggo ta zubar su suka tsince. Ba a jima ba suka daina bin uwar. Ka ga ɗaya ya zauna ya saki fuka-fuki, wuyansa ya lanƙwashe baya, an jima ka ga wani. Uwar tana ta zagaye tana kira. Na ɗauki ɗaya da ya rage da sauran numfashi na kai wa Kaka a gefen zanena, ban ma san dalilin da ya sa na kai mata ba.

Ta karɓe shi a tafin hannu tana shafawa da babban yatsa har ya daina motsi. Ta tambaya me suka ci. Umma, wadda tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Kaka ba, ta durƙusa a bakin ƙofa ta gaya mata gaskiya. Kaka ta lalubo kaina ta dafa. Ta tambaya ko cikin 'yan makarantarmu akwai ƙanana, na ce akwai waɗanda ko Fatiha ba su gama ba. Sai ta ce a kira mata Baba.

Ta ce a kwashe duka, wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba, a haƙa rami mai zurfi a bayan gida, nesa da rijiya, inda akuya ko kaza ba za ta tono ba. Goggo ta buɗe baki, Kaka ta ɗaga mata hannu. Da aka gama haƙa ta ce sai ta je. Ta dafa kafaɗata muka tafi a hankali, ƙasa tana nutsewa a ƙarƙashin ƙafafunmu. Aka juye. Tana tsaye tana saurare. Da ta ji Baba ya zuba shebur na farko, sai ta faɗi wata magana da Barbarci, sannan ta maimaita da Hausa don mu ji.

"Yau autanmu ya rasu."

Ta sulale ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da laffayarta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka kawo labari. Ban taɓa jin babba yana kuka haka ba. Na rungume ta ina yi ni ma, kuma a lokacin alkakin ya fita daga raina gaba ɗaya. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, ta lulluɓe kanta, maƙwabta suka riƙa shigowa suna yi mata gaisuwa sabuwa fil. Ba wanda ya ce ai an daɗe da yin rasuwar. Da Maman Gishiri ta zo, Kaka ta riƙe hannunta ta ce, "Kin gaya mini." Ita kuwa ta girgiza kai ta ce ita ba ta tuna ta faɗi komai ba, Allah dai ya ba Mama haƙuri.

Ana gobe walima sai ga Maman Gishiri da 'ya'yanta ɗauke da shinkafar fadamar mijinta, sabuwa, ta ce a yi wa yarinya waina. Aka jiƙa, aka kai niƙa, ƙullu ya kwana ya tashi. Da gari ya waye Kaka ta ce a kai ta gaban tanda. Matar da ta yi shekaru tana cewa shinkafar garinku ba ta da gardi, ita ta zauna a kujera 'yar tsugunne tana zuba ƙullu da laluben hannu, Umma tana juya mata. Ta farko da aka cire ta ce a miƙo, ta hura, ta tsoma a zuma ta sa mini a baki.

"Ci, takwara. Alkaki na yi miki alkawari, garinmu ya ce waina."

Na tsaya da tauna. Na ce wane garin? Ta ce in rufe mata baki in tafi in sa kayana, malamai sun fara taruwa. Amma na ji abin da ta ce, Umma ma ta ji, don na ga ta sunkuyar da kai tana murmushi. Daga ranar ban sake jin ta ce garinku ba har Allah ya karɓi abinsa, damina biyu bayan haka. A nan aka binne ta, cikin jar ƙasar da ta sha yi wa tsiya.

Yanzu ni ce mai alkakin biki a unguwarmu, kun ga yadda Allah yake abinsa. Jirgin ƙasa ya daina zuwa, ciyawa ta cinye tashar. Tsohon gidanmu an raba, ɗakin Kaka ya zama shagon cajin waya, an malale ramin randar da siminti. Alkama kuwa a kasuwa nake saye, wata daga Kano, wata ma an ce ta teku ta zo, ba wanda ya san hannun da ya ɗinke buhun. Masu hatsi sun san ni, sun ce Hajiya mai zura hannu, don ba na biya sai na nutsa hannuna har gwiwa, na shinshina, na sa a haƙori. Ba na sayen abin da zai kwana mini wata cikin damina, kuma buhuna ba ya taɓa ƙasa ko bango.

Ɗana da ya karanci aikin gona ya ce mini ba mu kaɗai ba ne. Ya ce duk inda ake noman alkama a duniya ana fama da wannan, har manyan rumbunan ƙarfe na ƙasashen da suka ci gaba, da zarar danshi ya samu hanya. Ya ce ɗumin nan numfashin fumfuna ne tana cin ƙwayar, kuma dafin da take bari wanki ba ya fitar da shi, wuta ba ta kashe shi. Na ce masa na sani, 'ya'yan agwagi sun riga shi gaya mini. Abin da ban gaya masa ba shi ne ban ji daɗin bayanin ba. Na fi son na Kaka, ko da ba gaskiya ba ne.

Buhun shekaranjiya dai na sa an binne shi, na kira uwar amarya na ce ta ƙara mini kwana, na koma kasuwa. Asara ce, kuma ta yi mini ciwo. Amma ba zan ɓoye muku ba, da hannuna ya kai tsakiyar buhun nan ya ji ɗumi, ba tsoro ne ya fara zuwa mini ba. Na ji kwanon rufi yana kiɗa, na ji ƙamshin turare, na ga koren nan da iska take bi ta kansa. 'Yata ta gaji da kira ta biyo ni sito, ta same ni a sunkuye ta ce, Mama, me kike nema a ciki haka? Na ce ba komai, rana nake ji. Ta leƙa waje ta ce ai hadari ne ya haɗo, in fito mu kwashe shanya.